NAZARI: Hanyar Gubi, motar bas ɗaya da makomar wuraren tarihin Bauchi

Duk wanda ya fita daga birnin Bauchi ya miƙi hanyar Ningi da Kano, kafin ya cika awa guda yana tafiya zai ratsa wurare huɗu da hukuma ta zuba wa dukiya ko ta ɗora wa suna. Zai fara da yankin Gubi, inda madatsar ruwan da ke shayar da birnin take, inda kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa mazauninta na dindindin. A kan hanyar ne filin jirgin sama na Durum yake. Can gaba sai Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, garin da ke riƙe da Gidan Madaki, ginin ƙasa da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa tun a 1956, shekara huɗu kafin samun 'yancin kai.

Ukun farko kowanne yana da tsarin da ke haɗa shi da jama'a. Ruwan Gubi yana bin bututu ya isa unguwanni, ɗalibai da ma'aikata suna da motocin da ke jigilarsu tsakanin harabar Yelwa da ta Gubi, jirage kuma suna da ranakun tashi da sauka. Na huɗun, wanda ya girme su duka da sama da shekara ɗari, ya dogara ne ga wanda ya riga ya san da zamansa, yake da motar kansa ko kuɗin ɗaukar shata, yake kuma da wanda zai yi masa iso.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta al'adu a watan Oktoban 2024 a ƙarƙashin Minista Hannatu Musawa, maganar da ta fi yawo a tarukan Abuja ita ce ta jawo baƙi daga ƙetare da samun kuɗin waje. Wannan buri ne mai kyau. Sai dai abin da zai hana ginin ƙasa rushewa, ya kuma hana zanen dutse gogewa, ya fi haka sauƙi da araha: motar bas da za ta tashi a ƙayyadadden lokaci da safe, ta kai talakawa da ɗalibai wurin, ta dawo da su gida kafin magariba.

Abin da ke kwance a kewayen birnin

Jihar Bauchi ba ta yi wa kanta kirari da yawon buɗe ido a banza ba. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita goma. Yau galibin ganuwar ta narke ko gine-gine sun cinye ta, sunayen ƙofofinta ne suka rage a bakin mutane: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Inkil, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Jahun da sauransu. Ɗansa Sarki Ibrahim ya mayar da fada Rauta a 1877, wanda ya gaje shi, Sarki Usman, ya dawo da ita Bauchi. Yaro na iya gama sakandare a birnin bai taɓa jin cewa an taɓa mulkin ƙasar Bauchi daga wani gari ba.

Gidan Madaki kuwa ana jingina gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya a ƙarni na 19. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin rufinsa zai ga yadda aka ɗaura bakan gizo da azara da laka kawai, ba siminti ba ƙarfe, ya kuma gane dalilin da ya sa masana gine-gine ke sa aikin wannan magini a sahun gaba a nahiyar Afirka.

Akwai abin da ya girmi masarautar kanta. A Dutsen Zane kusa da Geji, da Shadawanka a gefen birnin Bauchi, da Shira a arewacin jihar, akwai zane-zanen dabbobi da mutanen dauri suka yi a jikin duwatsu, kuma dukkansu suna cikin jerin abubuwan tarihi na ƙasa. Haka tarin duwatsun Panshanu da ke kan hanyar Jos. Wanda ya zarce da hanyar Gubi har ya wuce Ningi zai faɗa Birnin Kudu a Jihar Jigawa, inda Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin zanen duwatsu da duwatsun kiɗa.

A cikin dajin Yankari ma, inda yawancin masu zuwa ruwan ɗumi na Wikki da giwaye ke kai su, akwai kufan mutanen da suka rayu a wurin kafin ya zama gandun dabbobi a 1956: kogunan kwana guda 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira kogunan Marshall, da rijiyoyin Dukkey sama da 100 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da matoyar tama ta Shau Shau mai murahu kimanin 60. Duk waɗannan wurare, ban da Shira da Birnin Kudu da suka ɗan yi nisa, mutum na iya zuwa daga Bauchi ya dawo a yini guda ba tare da wahala ba.

Inda motar haya ke tsayawa

Matsalar tana farawa ne daga tashar mota. Motar haya a ƙasar nan ba ta tashi da agogo, sai ta cika. Ba ta kuma zuwa wurin tarihi, tana zuwa gari ne mai kasuwa. Direba ba shi da laifi a nan, domin lissafinsa na kujeru ne da man da zai sha. Fasinjan da ya sauka a bakin titi shi zai nemi ɗan acaɓa, ya yi ciniki a kan wurin da bai san nisansa ba, ya tambayi wanda ke riƙe da makulli, sannan ya yi ta zullumin motar komawa. Magidanci mai mata da yara ba zai shiga wannan kasada ba, shugaban makarantar 'yan mata balle.

Mafita ɗaya ita ce shata, ita kuwa ta fi ƙarfin mafi yawan mutane. Kafin jawabin 29 ga Mayun 2023 da ya kawo ƙarshen tallafin mai, ana sayar da litar fetur a ƙasa da Naira 200 a farashin hukuma. Zuwa watan Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000 a Abuja. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai cike wannan giɓi ba. Abu na farko da iyali ke yankewa idan aljihu ya yi zafi shi ne tafiyar da ba ta zama dole ba, haka ma makarantu da ke karɓar kuɗin ziyarar ƙaro ilimi daga iyaye.

Ƙasashen da suka ci moriyar kufansu sun warware wannan tun tuni. A Jodan, kamfanin JETT yana tashi da bas kowace safiya daga Amman zuwa tsohon birnin Petra, ya dawo da yamma. A Ingila akwai bas da ke ɗaukar fasinja daga tashar jirgin ƙasa ta Salisbury zuwa duwatsun Stonehenge. Amfanin irin wannan mota shi ne tabbaci. Baƙo ya san lokacin tashi, ya san kuɗin, ya san zai tarar da ƙofa a buɗe da mai yi masa bayani. Daga wannan tabbaci ne mai sayar da abinci, da mai ɗaukar hoto, da mai sana'ar hannu ke samun dalilin zama a bakin ƙofar.

Dukiya ɗaya, masu ita da yawa

Idan abin mai sauƙi ne haka, me ya hana? Amsar tana cikin yadda aka raba iko. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke da alhakin wuraren da aka ayyana na ƙasa, amma ba ta harkar sufuri. Jihar Bauchi tana da kamfanin sufuri na Yankari Express, amma wuraren da ke cikin jerin tarayya ba nata ba ne. Hanyar da ta ratse daga babban titi ta shiga ƙauye sau da yawa ta ƙaramar hukuma ce, wadda albashi ke cinye kasonta. Masarauta da zuriyar masu gida su ke riƙe da labari da mutuncin wurin, amma ba su da kasafi. Jami'ar da ke Gubi ta tarayya ce, tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, kuma babu abin da ya wajabta mata waiwayar ginin da ke gaba da ita a kan titi ɗaya.

Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da kayan tarihi a hannun tarayya da jihohi baki ɗaya, tare da bai wa Majalisar Tarayya ikon ware waɗanda suke na ƙasa. A watan Yulin 2013, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas kan lasisin otal-otal, Kotun Ƙoli ta taƙaita ikon tarayya a harkar yawon buɗe ido ga zirga-zirgar baƙin da ke shigowa ƙasa, ta bar sauran ga jihohi. Ma'anar wannan ita ce, tarayya na riƙe da ginin, jiha na riƙe da kasuwancin da zai ciyar da shi, kuma ba a ɗora wa kowa haɗa su ba.

Tarihin Yankari ya isa misali. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, ya koma hannun jihar. A duk wannan kai-komo gardamar ta tsaya ne a kan wa ke da shi. Tambayar yadda ɗan Bauchi mai ƙaramin ƙarfi zai isa can bai taɓa samun irin wannan kulawa ba.

Laka ba ta jiran kasafi

Ginin ƙasa yana da kalandarsa. Dole a yi masa yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsagar rufi, a shafe shi da makuba a lokacin rani, kafin ruwan farko na watan Mayu ko Yuni. Idan aka tsallake shekara ɗaya, ruwa zai sami hanya, gara ta kama azara. Idan aka tsallake uku, aikin da magina biyar za su gama a mako biyu ya zama kwangilar miliyoyi, kuma abin da za a miƙa a ƙarshe sabon gini ne mai kama da tsohon. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa maganar ba ta buƙatar fassara.

Duk ma'aikacin da ya taɓa bin takardar sakin kuɗi a Abuja ya san kalandar gwamnati ba ta tafiya da ta damina. Kuɗin manyan ayyuka kan fito ne a makare, wani lokaci a tsallaka da su wata shekarar. Ko da wurin ya tara kuɗin shiga daga masu ziyara, tun da aka tilasta amfani da asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, abin da hukumar tarayya ta karɓa can yake tafiya, ba ya tsayawa a sayi laka da makuba. Manufar asusun ita ce toshe sata, kuma ta yi amfani, amma ga ƙaramin gini a karkara ta raba mai gadi da ɗan abin da zai yi gyaran gaggawa.

Nan ne motar bas ke da rawar da ta wuce ta sufuri. Wurin da mutane ke zuwa kowane mako yana da idanu a kansa. Tsaga za ta bayyana a wayar wani ɗalibi tun tana ƙarama. Mai fasa dutse da mai haƙar ma'adinai da mai neman fili za su yi shakkar taɓa wurin da gari ke cin abinci da shi. Ganuwar Bauchi da ta Kano ba yaƙi ne ya ci su ba. An yi ta ɗibar ƙasarsu ne kaɗan-kaɗan, a idon jama'ar da ba ta ga abin da za ta rasa ba.

Dalilin farawa daga Gubi

Kasuwar yawon buɗe ido ba ta kafuwa a kan baƙon da bai zo ba tukuna. Tana kafuwa ne a kan wanda ke kusa. Jami'ar da aka buɗe a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, ta kuma zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988, tana tara dubban matasa daga kowane sashe na ƙasar nan, tana koyar da zanen gine-gine da aikin injiniya. Ɗalibin da ake koya wa lissafin nauyin rufi a allo, alhali rufin Babban Gwani na tsaye a gaba da makarantarsa, an tauye masa darasi. Gani ya kori ji.

Ga fasinja a Gubi, ga titi mai kwalta, ga motocin jami'a da na jiha da aikinsu ke raguwa a ƙarshen mako. Ana iya tsara tafiyar Asabar da za ta tashi daga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, ta bi ta ɗaya daga tsofaffin ƙofofi, ta ɗauki ɗalibai a Gubi, ta isa Kafin Madaki da hantsi, a yi sallar azahar a ci abinci a can, a dawo da la'asar. Tafiya ta biyu ta nufi Geji da Panshanu ta hanyar Jos, ta uku ta nufi kufan Yankari. Idan ta Kafin Madaki ta yi shekara ba ta fashi, ma'aikacin da ya sauka a Durum domin taron kwana biyu zai sami abin da zai cike rana ta uku da shi, baƙon waje kuma ya tarar da tsari a ƙasa.

Najeriya tana da wurare biyu kacal a jerin kayan gado na duniya na UNESCO: Sukur a Adamawa tun 1999 da dajin Osun a Osogbo tun 2005. Maƙwabciyarta Nijar ta shigar da tsohon birnin Agadas a 2013, kuma gari ne na ginin ƙasa. Hukumar ba ta duba tsufan wuri kawai, tana tambayar tsarin kula da shi da rawar mutanen da ke zaune a gefensa. Littafin masu ziyara da ke cika kowane mako hujja ce da ba a iya ƙirƙira a ofis.

Abubuwan da ya kamata a ji tsoro

Na farko tsaro. An sha samun hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Alƙaleri da ke kewaye da Yankari, da wasu sassan Toro da Ningi. Babu uban da zai sa ɗansa a mota idan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wannan dalili ne na farawa da gajeriyar hanya mai yawan zirga-zirga, da rana tsaka, a bar masu nisa sai jami'an tsaro sun tabbatar da lafiyarsu.

Na biyu haɗarin hanya. Har yanzu ba a manta da 'yan wasan Jihar Kano sama da 20 da suka rasu a ƙarshen watan Mayun 2025 ba, lokacin da motarsu ta faɗa daga gada suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun. Duk motar da za ta ɗauki ɗalibai sai ta kasance mai lafiya, da direban da ya huta, da inshora, da binciken hukumar kiyaye haɗurra.

Na uku ɓarnar masu ziyara. Zanen da ya yi ɗaruruwan shekaru yaro ɗaya mai gawayi ko ƙusa na iya lalata shi a minti guda. Wuri irin Gidan Madaki kuma yana tsakiyar jama'a masu al'ada da sirrinsu. Saboda haka ba a sakin mota sai da ɗan jagora daga garin, wanda aka horar, ake biyansa, da ƙayyadadden adadin masu shiga a lokaci ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda ma'aikatan Abuja suka fi kowa sani: shawara mai araha ta rikiɗe ta zama kwangilar sayen sababbin motoci, a yi bikin ƙaddamarwa, a manna musu hoton mai girma, bayan wata shida a gan su a kan duwatsu. Wannan aiki ba ya buƙatar sabuwar mota ko sabuwar hukuma. Idan ma za a ƙara, shirin motoci masu amfani da iskar gas ta CNG da fadar shugaban ƙasa ta ɓullo da shi bayan cire tallafi ya riga ya buɗe ƙofa.

Abin da ke kan teburin Abuja

Abin da ake nema daga tarayya takarda ce mai shafi kaɗan: yarjejeniya tsakanin NCMM, da gwamnatin jiha, da jami'a, da masarauta, wadda za ta fayyace wa zai ba da mota, wa zai buɗe ƙofa, wa zai horar da 'yan jagora. Sai kuma hanyar doka da za ta sa wani kaso na kuɗin tikiti ya koma ga gyaran wurin kafin damina, ko ta wani asusun al'umma da ake bincika, ko ta layi na musamman a kasafi da za a riƙa saki a farkon shekara. Gwamna Bala Mohammed ya riƙe ma'aikatar Babban Birnin Tarayya daga 2010 zuwa 2015, ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin kuma suna da ayyukan mazaɓu da ba su kai wannan amfani ba.

Mai taimaka wa minista ko babban sakatare da zai rubuta takardar shawara ta gaba a kan yawon buɗe ido yana da ma'auni mai sauƙi da zai gwada kowane shiri da shi: malamin firamare a Bauchi zai iya kai ajinsa wurin ranar Asabar, ya dawo da su kafin duhu, da kuɗin da iyayensu za su iya biya? Idan amsar a'a ce, to shirin bai taɓa ƙasa ba, kuma damina mai zuwa za ta tarar da rufin Babban Gwani yadda ta bar shi bara, da ƙarin tsaga ɗaya.